Fentin Gam na Fata: Yadda Ake Haɗa Shi da Inda Ya Dace

Kowane fenti abu biyu ne: garin launi da abin da ke riƙe shi a jikin bango ko ƙyalle. A fentin gam na fata, abin riƙon shi ne kolajin, wato furotin ɗin da ke cikin fata da ƙashi da jijiyar dabba. Ana jiƙa guntayen fata, a ɗumama su cikin ruwa har kolajin ya narke, sannan a dama garin alli ko jar ƙasa ko shuni a ciki. Ba a barin gam ɗin ya tafasa, domin zafi mai yawa yana rage masa ƙarfi. Da ɗuminsa ake shafawa. In ya huce sai ya daskare.

Yana bushewa da wuri, ba ya ƙyalli, kuma launinsa kan yi haske bayan bushewa. Babban rauninsa ruwa ne: ko bayan shekaru, laima na iya narkar da shi ko ta jawo masa fumfuna. In gam ya yi yawa kuma, sai ya tsage ya ɓare. Shi ya sa zanen da aka yi da shi a kan ƙyalle kaɗan ne suka tsira. Daga cikinsu akwai zanen makafi na Pieter Bruegel na 1568, wanda ke birnin Naples na Italiya.

A ƙasar Hausa, tawada da ƙaro ake haɗa ta, shi kuwa daga itace yake fitowa. Amma magina sun san amfanin abin da majema ke fitarwa: laso, wanda ake shafe soro da shi, haɗi ne na katsi da dafara da gashin jima.

Ga gidajen ƙasa irin na Birchi da ƙauyukan Kurfi da Dutsin-Ma, abin lura shi ne numfashin bango. Ginin ƙasa yana shan danshi da damina, ya fitar da shi da rani. Fentin mai yana toshe wannan hanya, danshi ya taru a ƙarƙashinsa har yaɓe ya zube. Fentin gam ba ya toshewa, don haka ya dace da cikin ɗaki da zaure. A bangon waje kuwa, ruwan Agusta zai wanke shi.