Faifan XP a Dutse

Har yau faifan Windows XP ɗina yana nan cikin ambulan, duk ya karce. Da shi na koyi sana'a a Dutse, zamanin Gwamna Saminu Turaki, lokacin da Jigawa ta rungumi harkar kwamfuta har aka buɗe makarantar Informatics a Kazaure.

Kwamfutocinmu duk 'yan gwanjo ne, an kwaso su daga Turai ta Legas, ta Kano. Kafin ka ɗora komai, sai ka buɗe akwatin ka hure ƙurar hunturu daga fanka. Sannan ka saka faifai, shuɗin allo ya bayyana, ka zauna kana roƙon Allah kada a ɗauke wuta, don in an ɗauke, sai ka koma farko. Lambar nan mai haruffa 25 da ake shigarwa wajen ɗora XP kuwa, na haddace ta tsaf.

Sabuntawa ce ta fi wuya. Da Service Pack 3 ya fito a 2008, intanet ɗinmu ba shi da ƙarfin sauke shi. A filas muka riƙa yawo da shi, shago zuwa shago.

Ranar 8 ga Afrilu, 2014, Microsoft ya janye hannu daga XP. Mu dai muka ci gaba da buga wa ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Dutse takardunsu a kai.