Matan da suka buɗe wa rigakafi ƙofa a kudancin Kano

A shekarar 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta dakatar da rigakafin cutar shan-inna a Jihar Kano, bayan raɗe-raɗin cewa maganin na hana haihuwa. An dawo da shi a watan Yulin 2004, amma zargin ya riga ya zauna a zukata, har a ƙauyukan Rano da Kibiya. Sanarwar gwamnati takan tsaya a zaure, inda aka rubuta "ba a shiga". Mata ne suka wuce wannan ƙofa: ungozomomi, da malaman Islamiyya mata, da 'yan ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN wadda aka kafa a Minna a 1985 ƙarƙashin jagorancin Hajiya Aisha Lemu. Daga 2012 UNICEF ta ɗauki masu wayar da kai 'yan sa-kai, akasarinsu mata, kowace daga unguwarsu. Suna bin gidajen suna da wankan jego, suna lissafa jarirai, suna tura masu juna biyu awo.

Wani zai ce sarakuna ne suka yi aikin, tun daga Sarki Ado Bayero har hakimai da dagatai. Ba a musun rawar da suka taka, domin su suka shawo kan magidanta. Sai dai izinin maigida ba shi ne ɗigo a bakin yaro ba. Uwa ce ke miƙo ɗanta, kuma sai ga wadda ta yarda da ita. Wani kuma zai ce matan nan ma'aikata ne kawai, ba shugabanni ba. Amma a watan Fabrairun 2013 'yan bindiga sun kashe mata tara masu aikin rigakafi a birnin Kano, kuma 'yan uwansu suka koma bakin aiki. Wadda jama'a ke bin maganarta a lokacin tsoro ta cika shugaba.

A watan Yulin 2014 aka ga kamuwa ta ƙarshe da asalin ƙwayar cutar a jihar, a Sumaila da ke kudancin Kano, sannan a 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ita. Yanzu da ake fama da mutuwar mata wajen haihuwa, ya dace kwamitocin lafiya na mazaɓun Rano da Kibiya su ba waɗannan mata kujerar yanke shawara, domin su suka san gidan da mai ciki ba ta zuwa asibiti, da dalilinta.