Baƙon da ya sauka a bakin Iku

Kafin zuwan mota, ɗan kolin da ya ɗoro kaya a kai daga Zariya ya nufo kudu, babbar damuwarsa a ranar ƙarshe ta tafiya ita ce ya riski ƙofar gari kafin magariba. Biranen ganuwa sukan rufe ƙofa da faɗuwar rana, wanda ya makara kuwa sai ya kwana a waje. Garin da ya nufo shi ne Abuja ta asali, wadda yau ake kira Suleja, a gefen kogin Iku, ba nisa da Dutsen Zuma.

Waɗanda suka kafa garin ma baƙi ne. Jihadin Shehu Usman Ɗanfodiyo da aka fara a 1804 ya kori Sarkin Zazzau Muhammadu Makau daga Zariya, ya gangaro da jama'arsa zuwa Zuba, cikin ƙasar Koro da Gwari. Makau ya rasu a yaƙin Lapai a 1825, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi, ya kafa gari a bakin Iku a 1828. Mutanen da aka raba da gidansu da yaƙi ba sa saurin yarda da baƙuwar fuska, ga shi gaba da Fulanin Zariya ba ta mutu ba. Sai a zamanin Abu Kwaka, wanda ya yi sarauta daga 1851 zuwa 1877, ciniki da Zariya da Bida ya buɗe, fatake suka fara shigowa.

Attajiri mai jakuna da 'yan dako ba shi da matsala: madugu ya san hanya, ya san wanda za a gaisar da abin da za a biya. Mai ƙaramin ƙarfi ne abin dubawa, ɗan koli ko almajiri ko mai neman ƙwadago, wanda guzurinsa bai wuce ƙuli-ƙuli da ɗan gari a jaka da 'yan wuri a ƙulle cikin tsumma ba. Al'adar ƙasar Hausa ta tanadar masa hanya. Zai tsaya a rafi ya wanke ƙurar ƙafa, ya yi alwala. A ƙofa za a tambaye shi daga ina, kuma wurin wa. Wannan tambaya ta biyu ita ce mai nauyi. In ya ambaci sunan wani ɗan garinsu da ya riga shi zuwa, an gama. In ba shi da kowa, sai a nuna masa zango ko masallaci.

A zaure ake karɓarsa. Ya yi sallama, a amsa, a shimfiɗa tabarma, a kawo ruwa a ƙwarya tun kafin a tambayi sunansa. "Sannu da zuwa, ya hanya, ya ka baro mutan gida?" Da dare akushin tuwo ya fito daga cikin gida. Musulunci ya ba baƙo haƙƙin kwana uku, Bahaushe kuma ya ce baƙonka annabinka. Sai dai ba tausayi kaɗai ke riƙe da wannan tsari ba. Mai masauki, wanda fatake ke kira fatoma, shi ne ma'ajin kayan baƙo, shi ke haɗa shi da dillali, shi ke tsaya masa in an yi ciniki bashi, in rigima ta taso shi ake nema. Ladansa na fitowa daga la'ada da kyautar sallama ranar tafiya. Wato talaka yana biyan kwanansa ne da amana da kuma alkawarin cewa baɗi ma nan zai sauka. Wannan dabara ce ta sa mutum mai wuri kaɗan ya iya kaiwa Gwanja neman goro ya dawo.

Hanyar fataken ce ma ta jawo wa garin Turawa. A 1902, zamanin Sarki Ibrahim Iyalai, sojan Ingila suka ci Abuja bisa dalilin cewa ana tare hanyar ciniki tsakanin Lokoja da Zariya. A zamanin Musa Angulu aka fara haƙar kuza, leburori suka zo. A 1951 wani Bature maginin tukwane, Michael Cardew, ya zaɓi garin don kafa makarantar koyon ginin tukwane, inda Ladi Kwali ta shiga a 1954.

Babbar ambaliyar baƙi ta zo ne bayan 1976, lokacin da gwamnatin Murtala Muhammad ta tsayar da gina sabon babban birnin tarayya. Garin ya bar wa sabon birnin sunansa, ya ɗauki Suleja daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Hukumar gina birnin ma a Suleja ta fara yada zango. Magina da kafintoci da direbobi daga ko'ina a Najeriya suka sauka nan, kuma ko bayan gwamnati ta tare a Abuja a Disamban 1991, mai ƙaramin albashi da haya ta fi ƙarfinsa a birni nan yake kwana, ya yi sammako ya bi ta Madalla da Zuba zuwa aiki.

Ɗan ci-ranin da ya sauka a tasha yau, da buhun kaya da ƙaramar waya, tambayar da ɗan kamasho zai yi masa ita ce dai ta dā: wurin wa ka zo? Zai kira lambar da aka rubuta masa a takarda tun daga ƙauye. In wayar ba ta shiga ba, ya zauna a bencin mai shayi, ya faɗi sunan garinsu, kafin isha'i a samu wanda zai kai shi ɗakin da 'yan ƙasarsu ke kwana, ko ya nemi izinin ladan ya shimfiɗa kwali a barandar masallaci.