Wa Ya Riƙa Ciyar da Makaɗin Fada?

A zamanin En'e, Sarkin Zamfaran Anka da Sarkin Mafaran Gummi da Sarkin Dankon Bukkuyum hakimai ne a ƙarƙashin Sarkin Musulmi, kuma ta hannunsu haraji da jangali suke bi zuwa baitulmalin Sakkwato. A inuwar wannan iko kiɗan fada ya rayu. Makaɗi ba ya karɓar albashi. Ubangidansa ne ke ba shi gona da hatsi da doki da riga, shi kuma ya ciyar da 'yan amshinsa. Da wannan ake biyan koyon taushi da kotso, da haddace tarihin gidajen sarauta.

Raunin tsarin shi ne dogaro da aljihu guda. Gyaran ƙananan hukumomi na 1976 ya raba sarakuna da mulki da baitulmali, sai kyauta ta ragu. Waɗanda suka jure su ne masu iyayen gida da yawa. Musa Ɗanƙwairo, makaɗin fadar Maradun, tun da wuri ya yi wa Sardauna waƙa, daga baya ya haɗa da attajirai, har rasuwarsa a 1991.

Bayan kafa Jihar Zamfara a 1996, garuruwan uku sun zama masarautu, amma ikon haraji bai dawo fada ba. Duk ƙungiyar da ke son raya wannan kiɗa a yau, ta fara lissafa hanyoyin samun kuɗinta, domin idan ubangida ɗaya ya gaza, ɗan makaɗi kan nemi wata sana'a.