Nichijou: Fitattun kashi-kashi na shirin barkwancin 'yan makaranta na ƙasar Japan

Nichijou shiri ne na zane mai motsi da kamfanin Kyoto Animation na ƙasar Japan ya shirya, aka nuna shi a talabijin daga watan Afrilu zuwa Satumba na shekarar 2011. Yana da kashi 26, kuma Tatsuya Ishihara ne ya ba da umarni. An ɗauko labarin daga littattafan zane na Keiichi Arawi, waɗanda mujallar Shonen Ace ta fara bugawa a shekarar 2006.

Ma'anar sunan a harshen Japan ita ce rayuwar yau da kullum. Labarin yana gudana a wani ƙagaggen gari mai suna Tokisadame, inda 'yan mata uku suke karatun sakandare: Yuko mai rawar kai da ƙyuyar aikin gida, Mio mai saurin fushi da ke zana labaran soyayya a ɓoye, da Mai, shiru-shiru, wadda ba ta gajiya da tsokana. A wani gida kuma akwai Nano, mutum-mutumi mai siffar budurwa, da yarinya 'yar shekara takwas da ta ƙera ta, wadda ake kira Hakase, wato farfesa, sai baƙin muzuru Sakamoto da ke magana saboda jan ƙyallen da aka ɗaura masa a wuya.

Salon shirin guda ɗaya ne: a ɗauki ƙaramin al'amari, a zana shi da ƙarfi da gudu irin na fim ɗin yaƙi. Kashin da suka fi fice su ne waɗanda zuzutawar ta tsaya a kan abin da kowane ɗalibi ya sani, kamar kunya, tsoron tonon asiri da son samun karɓuwa a cikin tsara.

Kashi na 1 da na 2

A kashi na farko, lokacin cin abincin rana, guntun nama ya kuɓuce daga tsinkayen cin abincin Yuko. Abin da bai wuce daƙiƙa biyu ba a zahiri, sai aka ja shi a hankali: naman yana yawo a iska, ana kai masa cafka yana zillewa, har ya ratsa gashin wani ɗalibi ya faɗi ƙasa. Yuko ta ɗauka ta cinye, bisa hujjar cewa bai kai daƙiƙa uku a ƙasa ba. Daga nan mai kallo yake gane irin shirin da ke gabansa.

A kashi na 2, Mio ta ara wa Yuko littafinta don ta kwafi aikin gida, sai ta tuna cewa akwai zanen da ba ta so kowa ya gani a ciki. Tseren da suka yi a barandar makaranta yana daga cikin wuraren da aka fi yaba wa masu zanen, domin yadda aka nuna gudu da firgici kamar rai ne zai salwanta.

Kashi na 6: Shugaban makaranta da barewa

Wannan shi ne wurin da ya fi yaɗuwa a intanet, har waɗanda ba su kalli shirin ba sun san shi. An fitar da Yuko daga aji an tsayar da ita a baranda. Ta taga sai ta hango shugaban makarantar, dattijo, yana kokawa da barewa a tsakar makaranta. Barewar ta yi ta tunkuyinsa yana faɗuwa yana tashi, aka gano ashe rigar sulke ce a ƙarƙashin tufafinsa, daga ƙarshe ya rungumo ta ta baya ya maka ta da ƙasa irin na 'yan kokawar zamani.

Armashin wurin yana ga Yuko, wadda ita kaɗai ta shaida abin. Ta faɗa aji da gudu don ta ba da labari, sai ta ga ba wanda zai yarda, ta haɗiye maganar.

Kashi na 14: Nano ta shiga makaranta

Rabin farko na shirin ya raba gidan Hakase da makaranta, kowanne da labarinsa. A kashi na 14 ne suka haɗu, lokacin da Nano ta fara zuwa aji. Burinta kawai a ɗauke ta kamar kowace ɗaliba, amma akwai ƙaton mabuɗi a bayanta, irin wanda ake murɗawa a jikin motar wasan yara, kuma ba ya ɓoyuwa.

A wannan kashi ne kuma Yuko da Mio suka yi faɗa mafi zafi. Mio ta aiki Yuko ta sayo mata yakisoba, wato soyayyar taliya, sai Yuko ta kawo yakisaba, gasasshen kifin da a kasuwannin Najeriya ake kira titus. Harafi ɗaya ya raba kalmomin biyu. Cacar baki ta yi tsanani har suka fara tono laifuffukan juna, sannan ba tare da sun ankara ba zagin ya juye yabo, suka shirya.

Kashi na 16: Mio da ɗan sanda

Wani ɗan sanda da ke binciken jabun kuɗi ya tare Mio da Yuko ya nemi duba jakar Mio. Ba kuɗi a ciki, sai zanen labarinta na sirri. Ta yi magiya, ta kai ga miƙa cin hanci, bai saurare ta ba. Da ya zaro takardun, sai ta kayar da shi da salon kokawa, ta bi duk wanda idonsa ya sauka a kan zanen, har da ƙawarta Yuko da wata akuya da ta tauna shafi guda.

A cikin kashin ne Yuko ta ziyarci gidan Nano ta ga gaskiyar lamarinta da idonta. Ba ta razana ba, ba ta kuma sauya mata ba, abin da ya kwantar wa Nano da hankali a karon farko.

Kashi na 25 da na 26

A kashi na 25, Mio ta ga Sasahara, saurayin da take so a zuci, tare da wata ɗaliba. Ta zura da gudu ta ratsa gari, har ta ceto yaron da ruwa zai ci, kafin ƙawayenta su lallashe ta. A kashi na ƙarshe Nano ta samu damar rabuwa da mabuɗin da ya daɗe yana ba ta kunya, amma ta zaɓi ta bar shi, tunda ƙawayenta sun karɓe ta da shi.

Yadda aka karɓi shirin

Faya-fayan shirin ba su yi kasuwa sosai ba a lokacin da suka fita. Sai dai tashar NHK ta nuna taƙaitaccensa mai kashi 12 a shekarar 2012, kuma gajerun wurare daga cikinsa suka ci gaba da yawo a intanet, har ya zama ɗaya daga cikin shirye-shiryen barkwanci da masu kallo ke yawan ambata.

Ranar 18 ga Yuli, 2019, wani mutum ya cinna wa ɗaya daga cikin gine-ginen Kyoto Animation wuta, mutane 36 suka rasu. Kamfanin ya ci gaba da aiki, kuma a shekarar 2025 ya sake komawa ga littattafan Arawi, inda ya fitar da sabon shiri mai suna City the Animation.