Ƙasar ta Wa Ce?

Ɗan ƙanwata da ke aiki a Faransa ya bugo waya bara yana murna, wai ya sayi gida. Da na matsa da tambaya sai ya ce ɗakuna uku ne a hawa na huɗu na wani bene, da mutane a samansa, da wasu a ƙarƙashinsa. Na kai wa kawuna labari a zaure. Ya yi shiru, can ya ce, "To ƙasar ta wa ce?" Na ce ta duk mazauna benen ce. Ya ce, "Allah ya sanya alheri, amma yaron nan iska ya saya." Dariya na yi ranar. Ba a yi wata shida ba na ajiye alli bayan shekara 30 ina koyarwa, na shiga neman gidan da zan saya a nan Madarunfa, sai ga tambayar tsohon a bakina.

Kawu ya tashi a zamanin da gida ba hajar kasuwa ba ne. A ƙarni na 19 yawancin ƙasar da ke kudu da Maraɗi daji ne na tsoro, domin nan ce hanyar yaƙi tsakanin Katsinawan Maraɗi, zuriyar su Ɗan Kasawa, da Fulanin da suka karɓe birnin Katsina. Sai da Faransa da Ingila suka ja iyaka a farkon ƙarni na 20, yaƙi ya lafa, mutane suka fantsama cikin kwarin Gulbin Maraɗi da kewayen tafkin Madarunfa suna saran daji. Wanda ya sara shi ke da wuri. Baƙo kuwa ya je ya faɗi gaban maigari da ɗan goronsa, a haɗa shi da yaro ya nuna masa inda zai kafa darni. Ƙasa gadonta ake yi, ko a ba da aro, ko kyauta, in ta matsa a yi jingina. Wanda ya sayar da kangon ubansa ya jawo wa jikokinsa gori. Shaida kuma mutane ne da itatuwa: daga tsamiyar can zuwa bakin rijiya, kuma wane da wane suna tsaye aka nuna.

Ni dai a ganina ruwa ne ya fara koya wa ƙasar nan zama bisa awo. A 1945 Gulbi ya yi ambaliya ya cinye tsohon garin Maraɗi da ke cikin kwari. Turawan mulki suka hau da garin kan tudu, suka ja tituna miƙaƙƙu, suka yanka filaye daidai wa daida kamar gurbin dara. Daga nan fili ya sami lamba, abin da ke da lamba kuwa ba ya daɗewa bai sami farashi ba. Kuɗin gyaɗa suka zo, alhazan Maraɗi suka gano cewa gini ma dukiya ce da ake juyawa. Mu da ke nesa kaɗan sai daga baya abin ya iso mu, tare da ma'aikatan gwamnati: mushen lakwal, ma'aikacin asibiti, jandarma, mutanen da ba su da kaka a garin kuma ba za su kwana a zauren maigari shekara uku ba. Saboda su aka fara jera ciki da falo na haya. Iyakar abin da muke da shi ke nan mai kama da gidan ɗan ƙanwata, shi ma haya ake ba da shi, ban taɓa jin wanda ya sayi ɗaki guda a ciki ba.

Gwamnatoci sun yi ta sa hannu. A 1974 Seyni Kountché ya ce gona ta mai nomanta ce, masu ba da aro suka tsorata. A 1993 aka kafa dokar ƙasar karkara wadda ta amince da mallakar gargajiya daidai da ta takarda, ta kuma kawo kwamitocin filaye, har zuwa na ƙauye da maigari ke shugabanta. Bayan zaɓen ƙananan hukumomi na 2004 yankan filayen gari ya koma aikin da kowa ke sa wa ido a ofishin magajin gari. Mu malamai ba ma manta farkon shekarun 2000, lokacin Tandja Mamadou, da aka biya ma'aikata bashin albashinsu da filaye. Abokan aikina da yawa a hannun dillalai takardunsu suka kwana, a kan kuɗin da bai kai ya kawo ba. Yau in an tuna musu sai su kau da kai.

To, na shiga nema. Dillali na farko ya kai ni wani gida gabas da kasuwa, ginin siminti, rufin kwano, da famfo a tsakar gida. Na yi tayi, aka ce albarka, na ƙara, aka sallama. Har mun sa ranar biya sai wata tsohuwa maƙwabciya, da na tsaya gaishe ta, ta ce, "Malam, ka gaida ƴan'uwansa mata kuwa?" Ashe gidan gado ne, ba a raba ba, babban wa ne kawai ya sa shi a kasuwa, ƙannensa biyu suna aure a Jibiya ba su ma ji ba. Takarda kam akwai ta, da hatimi, da sunan marigayi. Babu layi ɗaya a cikinta da ya ambaci matan nan. Dillalin ya ji haushin la'adarsa, har yau sama-sama yake amsa gaisuwata.

Gida na biyu ya fi kyau, ya fi araha, kuma a watan Maris na gan shi, ƙasa ta bushe ƙamas. Kawu ya ce kada in ba da ko dala sai na ga watan takwas a wurin. Na jira. Da Gulbin Gabi ya kawo, tafki ya cika ya miƙe ƙafa, sai na koma. Ban ma ƙarasa ƙofar ba, na tuɓe takalma na tsaya daga nesa ina kallon kwaɗi. Daga baya na lura da wani layi a jikin katangar, wajen gwiwa, da aka shafe da sabuwar farar ƙasa. Masu kai ziyara kaburburan waliyyai 99 da ke kewaye da tafkin sun san inda ruwa ke tsayawa kowace shekara. Ni da aka haifa a garin sai da na jiƙa wando.

Farashi kuwa kullum gaba yake yi. Siminti ya yi tsada duk lokacin da aka rufe iyaka, kamar 2019 da 2023. Mutanen da rikicin ƴan bindiga ya koro daga ƙauyukan bakin iyaka suna neman matsuguni. Tun da aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi a 2021, kowane mai gona a bakin hanyar Ɗan Isa ya fara lissafinta da fili-fili.

Na ukun na saya. Ginin ƙasa ne, ɗaki uku da zaure, kan tudu, da dalbejiya biyu. Na bi takardarsa har ofishi aka duba rajista, na tara magada duka, maza da mata, kowa ya dangwala yatsa gaban mai unguwa da liman. Na kai wa kawu takardun cikin leda. Bai buɗe ba, karatun boko bai dame shi ba. Ya ce in lissafa masa waɗanda suka tsaya. Na lissafa, yana gyaɗa kai ga kowane suna, har na zo kan na biyar ya ce wannan ya san ubansa. Sannan ya miƙo mini ledar, ya aiki jikansa ya sayo goro.