Daga Tsibirin Ikko Zuwa Jihar Legas: Waiwaye Kan Iyaka da 'Yancin Murya

A shekarar 1960, lokacin da Najeriya ta karɓi 'yancin kai, mutumin da ke kwana a Agege ko Ogba ba ɗan Legas ba ne a idon doka. Ɗan Jihar Yamma ne, gwamnatinsa tana Badun. Idan ya shiga jirgin ƙasa da asuba ya sauka a Iddo, to ya shiga wani yanki daban, wanda ba shi da firimiya, ba shi da majalisar dokoki tasa ta kansa, minista ne daga gwamnatin tarayya yake riƙe da shi. Yau wannan magana kan ba matasan Zangon Agege mamaki. Amma ita ce mabuɗin tarihin wannan gari, wanda ya fi shekara ɗari ana juya shi daga hannu zuwa hannu kafin mazaunansa su samu gwamnatin da za su kira tasu.

Labarin ya soma ne daga ƙaramin tsibirin da Yarbawa ke kira Eko, mu kuma muke ce masa Ikko. A ƙarshen 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa garin luguden wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka mai da Akitoye kan gado da sunan hana cinikin bayi. Bayan shekara goma, ranar 6 ga Agusta 1861, ɗan Akitoye, Sarki Dosunmu, ya sa hannu a takardar da ta miƙa tsibirin ga Sarauniyar Ingila, alhali jirgin yaƙi mai suna Prometheus yana tsaye a bakin ruwa. Aka yanka masa fansho na buhu 1,200 na wuri a kowace shekara. Ba a tambayi masunta da 'yan kasuwa da malaman garin ba. An sauya musu mai mulki ne kurum.

Daga nan Ikko ta zama kamar ɗan riƙo, yau yana gidan wannan, gobe yana gidan wancan. A 1862 aka ayyana ta ƙasar mallakar Ingila. A 1866 aka sa ta ƙarƙashin gwamnan da ke Saliyo. A 1874 aka mai da ita hannun gwamnan Gwalkwas, wato Ghana ta yanzu. Sai a 1886 ta sake samun gwamnanta, shi ma Bature ne da Landan ta naɗa. A 1906 aka haɗa ta da Kudancin Najeriya, a 1914 kuma Gwamna Lugga ya haɗe Kudu da Arewa, Ikko ta zama mazaunin gwamnatin ƙasa baki ɗaya.

Hausawa ba baƙi ba ne a wannan tarihi. Tun 1863 wani jami'in Ingila, John Glover, ya tara wasu Hausawa, galibinsu waɗanda suka kuɓuta daga bauta, ya kafa rundunar da aka riƙa kira Hausawan Glover. Daga ita ne sojan Najeriya ke ƙirga asalinsa. Su ne suka tsare mulkin mallaka a tsibirin, aka kai su yaƙin Asante a 1873 da na Ijebu a 1892, amma ba su da ta cewa a kan yadda ake mulkin garin da suke gadi. Bayan su sai fatake. Da aka soma shimfiɗa layin dogo a 1896, ya isa Badun a 1901, ya kai Kano wajen 1911, sai Agege ta zama matattarar goro. Manoman yankin suna kawowa, dillalai suna zaɓe, ana jera goron cikin ganye mai sanyi, a ɗaure huhu tamau, a yayyafa masa ruwa don kada ya bushe kafin ya isa Zariya da Kano. A kewayen tashar jirgin ne zango ya kafu, da masallatansa da makarantun allo da sarkinsa.

Zaman Ikko ƙasar mallaka ya ba 'ya'yanta wani matsayi da sauran 'yan Najeriya ba su da shi. Doka ta ɗauke su talakawan Sarkin Ingila, alhali mutanen Kano da Badun da Anaca ana kiran su waɗanda Ingila ke ba wa kariya. Mutanen Ikko suka riƙe wannan matsayi suka yi yaƙi da shi. A 1921 wani basarake mai ƙasa, Amodu Tijani, wanda ake kira Oluwa, ya kai ƙarar gwamnati har babbar kotun masarautar Ingila a kan filin Apapa da aka karɓe. Ɗan siyasa Herbert Macaulay ne ya raka shi Landan. Kotu ta ce ƙasar ta al'umma ce, takardar 1861 ba ta shafe haƙƙinsu ba, dole a biya diyya. Sarkin Ikko na lokacin, Eshugbayi Eleko, ya ɗanɗana kuɗarsa saboda kusancinsa da Macaulay, domin an tuɓe shi aka kore shi zuwa Oyo a 1925, bai dawo ba sai 1931.

Tsarin mulkin Gwamna Clifford na 1922 shi ne ya fara kawo zaɓe zuwa majalisar dokoki. Kujeru huɗu kacal aka ware, uku na Ikko, ɗaya ta Kalaba. Mai jefa ƙuri'a dole ya zama namiji, kuma yana samun fam 100 a shekara, kuɗin da lebura a tashar jiragen ruwa ko ɗan dako a kasuwa ba zai taɓa gani ba. A zaɓen 1923 jam'iyyar Macaulay, NNDP, ta cinye kujerun Ikko uku. Ƙofa ce ƙarama ƙwarai, amma ta buɗe. A lokacin Arewa ko a ƙarƙashin wannan majalisa ba ta, gwamna ne yake yi mata doka da sanarwa. Sai a 1950 ne duk baligi a Ikko, mace da namiji, ya samu damar zaɓen majalisar gari, aka kuma naɗa Dakta Ibiyinka Olorun-Nimbe magajin gari.

Tun daga nan rigimar ta sauya fuska. Da ana tambayar wa zai yi zaɓe, yanzu kuma ana tambayar garin na wa ne. Tsarin mulkin Macpherson na 1951 ya cusa Ikko cikin Jihar Yamma. Nan take aka ga illar hakan. 'Yan takarar jam'iyyar NCNC, har da Nnamdi Azikiwe, suka lashe kujerun Ikko biyar a majalisar Badun. To amma majalisar Badun ce ke zaɓar waɗanda za su wakilci Ikko a majalisar tsakiya, kuma jam'iyyar Action Group ta Obafemi Awolowo ce mai rinjaye a can. Azikiwe bai samu shiga ba. Mutanen gari sun jefa ƙuri'a, amma a wani gari aka yanke wanda zai yi magana da yawunsu.

A taron tsarin mulki na Landan a 1953 maganar Ikko ta kusa wargaza zaman. Awolowo ya dage cewa garin na Yarbawa ne, ba za a yanke wa Yamma kai ba, har jam'iyyarsa ta yi barazanar ɓallewa. NCNC ta ce babban birni na kowa ne. Wakilan Arewa ƙarƙashin Sardauna Ahmadu Bello su ma suka goyi bayan a raba ta da Yamma, kuma dalilinsu a fili yake: gyaɗar Kano da audugar Funtuwa da fatu da ƙiraga galibi ta Apapa suke fita, ba za su so wata jiha guda ta riƙe musu wuya ba. Sakataren ƙasashen mallaka, Oliver Lyttelton, ya yanke hukunci, daga 1 ga Oktoba 1954 Ikko ta zama yankin tarayya mai faɗin murabba'in mil 27 ko kusa da haka.

Kowane ɓangare yana da hujjarsa, amma mazauna garin ne suka biya farashi. An shata iyaka ta ratsa tsakiyar gari guda. Tsibirin da Ikoyi da Ebute Metta da Yaba da Apapa suna ciki. Mushin da Ajegunle da Ikeja da Agege suna waje. Ma'aikacin da ke sauke kaya a Apapa yana kwana a Ajegunle, inda har yau akwai kasuwar da ake kira Boundary. Gumin goshinsa a wannan yanki, ruwan shansa da hanyarsa da magudanar unguwarsa kuwa suna jiran gwamnatin wancan. Gwamnatin Yamma ta kafa unguwar masana'antu a Ikeja, jama'a suka yi ta kwarara, unguwanni suka tashi ba tsari. A cikin yankin tarayya kuma, akwai majalisar birni da wakilai a majalisar ƙasa, amma ikon ƙasa da tsara gari yana hannun Ministan Harkokin Legas. A Jamhuriya ta Farko Alhaji Musa 'Yar'aduwa, Matawallen Katsina, shi ne ya riƙe wannan muƙami. Ko da minista ya yi adalci iyakar ƙoƙarinsa, mutanen gari ba su suka zaɓe shi ba, ba su kuma da hanyar sauke shi.

Wannan ne ya haifar da kiran a ba Legas jiharta. 'Yan asalin gari suka tashi da taken cewa Eko tana tsaye da ƙafarta, 'yan jarida irin su Lateef Jakande suka yi ta rubutu a kai. Buƙatar ba ta biya ta hanyar majalisa ba, sai ta bakin soja. Ranar 27 ga Mayu 1967, ana gab da yaƙin basasa, Yakubu Gowon ya raba ƙasar jiha 12. A ranar da aka haifi Jihar Kano, a ranar aka haifi Jihar Legas. Aka haɗa yankin tarayya da Ikeja da Badagry da Ikorodu da Epe, aka naɗa Mobolaji Johnson gwamna. Daga ranar ne mai sayar da goro a Agege da masunci a Isale Eko suka zama 'yan jiha ɗaya. A 1976 hedikwatar jihar ta baro tsibirin ta dawo Ikeja, maƙwabciyar Ogba, sai a 1979 mutanen Legas suka zaɓi gwamnansu na farko, Jakande. Shekara 118 ke nan bayan sa hannun Dosunmu.

In an dubi wasu ƙasashe za a ga Legas ta yi sa'a. Amurka ta karɓi tsibirin Puerto Rico daga Sifaniya a 1898, ta ba mutanensa shaidar zama 'yan ƙasa a 1917. Har yau mutum fiye da miliyan uku da ke can ba sa zaɓen shugaban ƙasa, wakilinsu guda a majalisar Washington kuma ba ya jefa ƙuri'ar zartar da doka, duk da cewa a ƙuri'ar raba gardama ta 2020 sama da kashi 52 cikin ɗari sun nemi zama jiha. Hawai ta samu jiha a 1959. Tsibirin Mayotte ya zama cikakken lardin Faransa a 2011. Abin da ya haɗa su ɗaya ne: babbar ƙasa tana son tashar ruwa da sansanin soja da harajin tsibiri, amma tana jan ƙafa wajen ba mutanensa cikakkiyar murya.

Samun jiha bai rufe maganar ba. A Fabrairun 1976 Janar Murtala Muhammed ya ba da sanarwar mai da babban birni Abuja, ya kuma yi alkawarin za a ba Legas kulawa ta musamman. Kwanaki kaɗan bayan haka aka kashe shi. Gwamnati ta tashi ranar 12 ga Disamba 1991, ta bar wa jihar gadoji da tashoshi da cunkoson jama'a. A 2016 Majalisar Dattawa ta yi watsi da ƙudirin ba ta matsayi na musamman. Tsarin mulkin 1999 ya san ƙananan hukumomi 20 ne a Legas, alhali Kano tana da 44. A 2003 Gwamna Bola Tinubu ya ƙirƙiro ƙarin 37, cikinsu har da Orile-Agege da Ojodu. Shugaba Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, Kotun Ƙoli ta ce a Disamban 2004 ba shi da wannan iko, amma sababbin ba su cika ba sai Majalisar Ƙasa ta amince. Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, ɗan tsohon ministan nan, shi ya ba da umarnin sakin kuɗin a 2007. Abuja kuwa ta gaji tsohon halin Ikko: minista ke mulkinta, ba gwamna, ba majalisar jiha, sanata ɗaya tak.

A ganina, tambayar da Ikko ta yi wa Landan da Badun yanzu ta dawo cikin gida. Akwai Bahaushen da a Agege aka haifi kakansa, yana jin Yarbanci kamar Hausa, yana biyan haraji a Mile 12 ko mayankar Oko-Oba, amma in zai nemi gurbin karatu ko aikin gwamnati sai a tura shi neman takardar asali daga wani ƙauye da bai taɓa kwana a cikinsa ba. Haka Bayerabe da Ibo da aka haifa a Sabon Garin Kano suke fuskanta, kuma duk wanda ya ji zafin na farko dole ya ji zafin na biyu. Girmama masu gari wajibi ne, haƙƙinsu a kan ƙasa Amodu Tijani ya tabbatar da shi tun 1921. Amma wanda doka ta hau kansa yana da haƙƙin sa baki a yin ta.

Wannan haƙƙi yana hannunmu a yau, ba mai tambayar fam 100. Duk baligin da ke zaune a Ogba ko Agege ko Idi-Araba zai iya yin rajista a inda yake, ya zaɓi kansila da shugaban ƙaramar hukuma da gwamna, ya kuma tsaya takara. Da yawa daga cikinmu har yanzu katinsu na can gida, ranar zaɓe ko su cika mota su tafi Arewa, ko su zauna a shago. Mai yin haka ya bar maganar magudanar ƙofar gidansa da makarantar 'ya'yansa da rumfarsa ta kasuwa a hannun wasu. Mutanen tsibirin sun yi fiye da ƙarni guda suna neman a daina yanke musu hukunci daga nesa. Bai kamata mu da muka tarar da ƙuri'ar a shirye mu bar ta a aljihu ba.